Daga Fadar Bello Zuwa Bangon Ajinmu: Littafin Aikin Taswirori

9 ga Nuwamba, 2024

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma duk tsawon lokacin nan taswira ɗaya ce rak a bangon ajinmu: ta Nijeriya, wadda har yanzu Kebbi da Zamfara ke cikin jihar Sakkwato a jikinta. Wato an buga ta tun kafin 1991. Rana ta shanye launinta, gara ta cinye gefen Tafkin Chadi.

Abin da na ƙudurta shi ne in samo hoton tsofaffin taswirori biyar da suka taɓo ƙasarmu, in sa a buga su da girma, a yi musu firam, a jera su bi da bi, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Ta Idrisi, Balarabe masanin labarin ƙasa, ta 1154, ta Ortelius, Bature mai zanen taswira, ta 1570, ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta 1824, ta hanyar da Barth, Bajamushe matafiyi, ya bi a 1853, sai ta iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Ta shida kuwa ni da ɗalibaina za mu zana ta da hannunmu: tsohon birnin Sakkwato da ƙofofinsa.

Bana shekara 200 cif da Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya matafiyi wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya iso garin nan a watan Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Da zai koma aka ba shi taswirar da aka zana a fada. Na tambayi aji uku ko akwai wanda ya taɓa jin labarinta. Ko ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abincin rana.

23 ga Nuwamba

Mako biyu ina sauko da hotuna. Manyan ɗakunan karatu na Turai da Amurka sun ɗauki hoton tsofaffin littattafansu sun zuba a intanet, kowa na iya ɗauka. Wahalar ita ce nauyi. Hoton da ke yawo a Facebook da WhatsApp kyansa a waya kawai yake. Da an ja shi ya kai girman takardar A1 sai haruffa su narke. In ana son bugu mai kyau, sai a sami ɗigo kamar 300 a kowane inci, ko aƙalla rabin haka ga abin da za a kalla daga nesa. Irin wannan hoto sai cikin dare yake sauka, bayan gari ya yi tsit.

Wani abu na gano da ban sani ba a da. Taswirar Idrisi da kowa ke yaɗawa, shimfiɗaɗɗiya guda ɗaya, ba haka ya bar ta ba. Shi gunduwa-gunduwa ya yi ta, kashi 70, a cikin littafin da ya rubuta wa Sarki Roja na Sisili. Wani Bajamushe, Konrad Miller, shi ya harhaɗa su wuri guda a shekarun 1920, ya mayar da sunayen zuwa boko. Ashe abin da nake shirin kwafa shi ma kwafi ne. Kudu ce a sama a taswirar, arewa a ƙasa, kuma haka zan rataye ta.

7 ga Disamba

Yau na kai wa kawuna taswirar Bello. Gidansu na cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbare, kuma tun yana saurayi yake kwafar littattafai da hannu. Har yanzu tawada da alƙaluman kara na nan a zaurensa, ko da yake ido ya yi rauni. Na buga masa ita a ƙaramar takarda. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe bai ce uffan ba. Yatsansa na bin layukan, daga wannan kewaye zuwa wancan.

Taswirar ba irin wadda muka saba gani ba ce. Garuruwa ƙananan kewaye ne, hanyoyi layuka ne da ke haɗa su, ga bayani da Larabci a warwatse, ga babban gulbi ya ratsa. Babu ma'aunin nisa irin na boko. Wanda ya zana ta ba siffar ƙasa daga sama ta dame shi ba. Abin da matafiyi ke tambaya shi ya amsa: in na bar nan, ina zan faɗa, kuma ƙasar wa zan shiga? Tunanin madugu ne da ayarinsa, da na sarkin da ke aika manzanni.

Kawu ya ɗago ya ce, "Wanga hannun wa na?"

Na ce, "Kawu, asalin dai a fada aka zana. Amma wannan da ke hannunka, wani mai zanen ƙarfe ne a Landan ya kwafe ta, ya rage mata girma, aka buga cikin littafin tafiyar su Clapperton a 1826." Na yi masa bayanin yadda ake yi a wancan zamani: a kan farantin ƙarfe ake karce zanen, kuma a juye, dama ta koma hagu, sannan a shafa tawada a danna takarda.

Ya jinjina kai. "Ashe kwafin kwafi na. To kai ma in ka kwafa, ka rubuta inda kaɗ ɗauko. Haka munka taras ana yi. Wanda duk yak kwafi littafi shina rubuta sunanai da ranar da yag gama, shi roƙi gafara. Don in an ga kure, a san wuyan wa za a riƙa, kada a ɗora ma mai littafi."

Daga nan muka shiga maganar gulbin. A jikin taswirar an nuna Kwara, wato Kogin Neja, ta miƙa gabas, har an rubuta cewa tana kaiwa Masar, ita ce Nilu. Alhali Clapperton da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya zana masa hanyar gulbin a kan rairayi, ya ce masa teku take faɗawa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan saɓani. Wasu na ganin da gangan aka yi, don kada Turawa su gane hanyar shigowa ta ruwa. Kawu yana wannan ɓangaren. Ya ce, "Baƙo, ran da yaz zo, ba a gwada mai ƙofar baya." Ni kuwa ina ganin akwai wata fuska. Haɗa gulbin ƙasar Sudan da Nilu tsohuwar magana ce a littattafan Larabawa. Idrisi ma tushe ɗaya ya ba su, sai dai shi yamma ya kora ruwan. Fadar da aka rubuta Infaƙul Maisuri, littafin Bello, a cikinta ba ta rasa sanin waɗannan littattafai ba. Mai yiwuwa takarda ta bi abin da ke cikin littafi, rairayi ya bi abin da fatake suka gani da ido. Sai a 1830 Richard Lander, wanda a da yaron Clapperton ne, shi da ƙanensa suka bi ruwan a kwalekwale har teku.

Na tambayi Kawu ko in ƙara kibiya da jan biro a kwafin, in nuna wa yara inda gulbin ya nufa da gaske. Ya ce in taɓa ta, to, ba ta Bello ba ce kuma, tawa ce. In ina da magana, in yi ta a wata takarda daban, a gefe.

Na dawo gida da magariba, raina fes.

21 ga Disamba

Bugun farko ya lalace, kuma na ji zafinsa. Na bar wa wani mai shagon bugu hotuna uku, na koma bayan kwana biyu. Ta Bello ya ja ta ta cika takarda, kewayen garuruwa duk sun koma kamar ƙwai. Ya yanke gefen ƙasa inda sunan taswirar yake. Abin da ya fi ci mini rai, ya ce ya ga "datti" ya share da kwamfuta. Dattin nan har da ɗigon haruffa. Wanda duk ya yi makarantar allo ya san ba da ta da nun, ɗigo ne kawai ya raba su. Sunayen garuruwa da dama sun zama ba sa karantuwa.

Ba mugunta ya yi ba. Aikinsa na kullum banar biki ce da fostar 'yan siyasa, inda ake son fuska ta yi sumul. Ya ce, "Malam, ai gyara maka na yi." Na ce na gode, amma wannan ba a gyara ta. Laifina a ciki shi ne ban zauna an yi a gabana ba. Kuɗin takarda uku ya tafi. Na naɗe su na ajiye. Zan nuna wa ɗalibai su gani da idonsu yadda kwafi ke ɓata asali.

11 ga Janairu, 2025

Na koma shagon, wannan karon na ja kujera na zauna kusa da yaron da ke kan kwamfuta. Muka kulle tsawo da faɗi don kada ɗaya ya motsa ba tare da ɗaya ba. Muka bar gefe yadda yake, da tabon tsufa, da layin da ninkin takarda ya bari. Kafin a buga babba, na sa an buga yanki ɗaya mai yawan rubutu a ƙaramar takarda, na hau kabu-kabu na kai wa Kawu. Ya karanta ba tuntuɓe. Sannan na ce a saki inji.

Na ƙi fileks irin na banar biki, don ƙyallinsa na kashe siraran layuka, kuma zafin garin nan na sa shi yauƙi. Takarda mai kauri marar sheƙi muka ɗauka. Yaron ya kawo shawara, da kyakkyawar niyya, wai a jiƙa takardar da ruwan shayi a babbake gefenta da kyandir, ta fito kamar ta kaka da kakanni. Ya ce haka masu sayar wa baƙi kayan tarihi ke so. Na ce a'a. Sabuwa ce, kuma zan rubuta a jikinta cewa sabuwa ce.

Uku sun fito: Idrisi, Ortelius, Bello. Na ɗauko su a naɗe cikin bututun roba saboda ƙurar hunturu. Hazo ya rufe gari yau, ko hasumiyar Masallacin Shehu da ƙyar ake hangowa.

25 ga Janairu

Kafinta ya ce a yi firam da maɗaci, gara ba ta cika son sa ba. Na roƙe shi ya sa siririn kwali tsakanin gilashi da takarda, don in damina ta zo gumi kada ya manne su, kuma ya sa ɗan katako a baya yadda firam ba zai jingina da bango kai tsaye ba. Leda kuwa ba za a sa ba. In ta kama takarda, ta kama ke nan har abada. Ya ce mako biyu.

8 ga Fabrairu

Firam bai gama ba, amma na kasa haƙuri, shekaranjiya na shiga aji da ta Ortelius. Na shimfiɗa ta a kan tebura biyu, na ce su nemo mini Sakkwato. Kai arba'in suka duƙa. Can wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ga Kano!" Ya ga "Cano". Sai aka shiga tsinta: Guber, Cassena, Zegzeg, Zanfara. Gobir, Katsina, Zazzau, Zamfara, a takardar da aka buga a birnin Antwerp shekara 455 da suka wuce. Ajin ya kaure.

Na ba su labarin inda sunayen suka fito. Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, mutumin Fas, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, shi ya rubuta bayanin ƙasashen nan, aka buga a Venis a 1550. Masu zanen taswira a Turai ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Littafinsa suka buɗe suka yayyafa sunayen a gefen gulbi, gulbin kuma suka kora shi yamma har tekun Atlantika.

Sakkwato dai ba su same ta ba, kuma wasu sun ji haushi. Na ce su lissafa: Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Taswirar ta girmi birnin da shekara 239. Wata ɗaliba 'yar Sabon Birnin Gobir ta yi murmushi, ba ta ce komai ba, amma kowa ya gane.

22 ga Fabrairu

Ta Barth ta fito, ba matsala. Abdulkarim, kamar yadda aka san shi a nan, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu a bazarar 1853, ya zauna a Wurno, ya shigo Sakkwato, ya wuce Gwandu da Sayi har Tambutu. Da agogo da kamfas yake tafiya, yana rubuta kowace kwana da kowane zango, August Petermann, mai zanen taswira, kuma ya mayar da rubutun taswira. Ita ce ta farko a jerin da mutum zai iya ɗora yatsa ya ce ga hanyar ƙauyenmu. Abin da na lura: Clapperton "Sackatoo" ya rubuta, wanda ya fi kusa da yadda muke faɗa, Barth kuma "Sókoto", kuma nasa ne ya zauna a takardun gwamnati har yau.

15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Rana irin ta yau a 1903 aka yi karon Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ban shirya ba, amma a makon nan ne aikin ya iso kan taswirar iyaka.

Ita ce ta ba ni wuya. Hoton da na samu ƙarami ne, in an ƙara masa girma ba ya karantuwa. Na dakatar da bugunta sai na je Kaduna na duba ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Amma darasin bai jira ba. A yarjejeniyar 1898, tun Turawa ba su ci garin nan ba, Ingila da Faransa sun ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin, kusan kilomita 160, suka ce nan ne iyaka. Na samo taswirar zamani wadda santimita ɗaya ke daidai da kilomita goma, na kafa ƙusa a kan Sakkwato, na ɗaura zare mai santimita 16, na ɗaura fensir a bakinsa, na ba wani yaro ya ja. Bakan ya haɗiye Birnin Ƙonni ya wuce can arewa. Sannan na nuna musu iyakar yau, wadda ta sauko har Illela. Faransawa ne suka koka cewa bakan ya tura su cikin hamada, ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906 aka ja layin kudu. Haka Ƙonni ta koma wancan gefe. Maratta ma, inda aka haifi Shehu, yau a Nijar take.

Wata yarinya da mahaifiyarta 'yar Ƙonni ce ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, wato da zare aka raba mu da kakata?" Na ce da abin da ya yi kama da zare. Ta zauna tana kallon ƙusar. Ban ƙara komai ba, don ni ma maƙogwarona ya cushe, kuma ba ƙishin azumi ba ne.

13 ga Afrilu

Jiya da sassafe, kafin rana ta buɗe, muka fara zagayen ƙofofi, ni da ɗalibai shida da izinin iyayensu. Kowace ƙofa muka tsaya, mu ɗauki lambobin wurin da waya, mu rubuta, mu nemi dattijon unguwa mu gaishe shi mu yi tambaya. Takwas muka sani: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Dundaye. Huɗu muka samu yi kafin zafi ya kore mu.

Ganuwar ita ce matsala. Gidaje da shaguna sun hau kanta, kwalta ta ratsa ta. A wata unguwa wani tsoho mai sayar da goro ya tashi daga kan tabarmarsa, ya ja mu cikin wani lungu, ya nuna mana inda ƙasa ta ɗan yi tudu a ƙarƙashin katangar wani gida. Ya ce, "Nan tab bi. Muna yara nan muka hawa muna hangen fadama." Ya taka wurin da ƙafa sau biyu. Ɗaya daga cikin yaran ya durƙusa ya ɗebi ƙasar ya duba, ja ce, ta bambanta da ta lungun.

Ga wani ƙulli kuma: Clapperton ya rubuta cewa ƙofofin birnin goma sha biyu ne, ana rufe su da faɗuwar rana. Mu takwas muka gada. Na yanke shawara a taswirarmu za mu zana abin da muka gani da layi cikakke, abin da dattawa suka gaya mana da layi ɗigo-ɗigo, maganar Clapperton kuma mu rubuta ta a gefe da sunansa. Ba za mu ƙirƙiro ƙofa huɗu don lissafi ya cika ba.

Yau ce kuma ranar da shi Clapperton ya rasu a garin nan, a 1827, a zuwansa na biyu.

24 ga Mayu

Huɗu na rataye a bango yanzu. A ƙasan kowace akwai 'yar takarda da na rubuta da hannu, yadda Kawu ya ce. Ga ta Bello:

"An zana asalinta a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sakkwato, 1824. An kwafe ta a ƙanƙance aka buga a Landan, 1826. Daga hoton wancan bugu aka sake buga wannan a Sakkwato, Janairu 2025, an ƙara mata girma. Ba a gyara komai ba. Kuren da aka gani a wannan bugu na mai kwafa ne, Allah Ya gafarta masa."

Na bar gurbin ta biyar fayau, da ƙusarta, har sai na dawo daga Kaduna a hutun ƙarshen zango. Na kuma sa a buga ta Bello guda biyu ƙari: ɗaya ta Kawu, ɗaya ina da niyyar kai wa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, tunda a hannun kakansa Giɗaɗo baƙon ya sauka.

Daren jiya an yi iska mai ƙarfi da yayyafi. Da asuba na je makaranta na duba, sai na tarar kwanon rufin ya ɗaga daidai saman ta Idrisi, ruwa ya bi bango ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga firam. Katakon bayan nan ne ya cece ta. Na sauke ta na kai ofis. Litinin kafinta zai zo ya buga kwanon, Asabar mai zuwa kuma, in Allah Ya kai mu, za mu ƙarasa ƙofofi huɗun da suka rage, mu fara da Ƙofar Dundaye tun da sanyin safiya.